Kafin Ka Hau Fage da Nuhu

Pantami, Gombe

Ɗana Habila,

Ina gaishe ka da gaisuwar uba, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya da natsuwar zuciya. Ina roƙon Ubangiji ya kai ka Legas lafiya gobe, ya tsare ka a kan hanya, ya raba ka da direba mai gaggawa da aboki mai zuga. Mamarka ma tana gaishe ka, ko da yake ita ce za ta miƙa maka takardar da hannunta.

Za ka yi mamakin in rubuta maka wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka. Ka san ni. A wurin horo ina iya yin ihu tun daga ƙofar filin wasa a ji ni a titi, amma maganar da ta shafi zuciyata ba ta fita ta bakina. Ranar Lahadi, bayan mun dawo daga coci muna cin abinci, ka ce mini, "Baba, doka ta canza. Yanzu mai damben kuɗi ma yana iya shiga gasar ƙasashe ta 'yan dagaji. Sun kira ni in zo zaɓe. In na doke wanda ke nauyina, ni zan riƙe tutar ƙasa." Na tambaye ka wane ne ke nauyinka, ko da yake na sani. Ka ce, "Nuhu." Na ajiye cokali na fita waje. Ka biyo ni har bakin ƙofa kana cewa, "Baba, ai kai ne kullum kake faɗin cewa gwani ya kamata a tura." Ban amsa maka ba. Wannan takarda ita ce amsar, kuma doguwa ce, don sai na fara tun daga inda abin ya faro.

Ka san Nuhu fiye da yadda na san shi. Tare kuka fara dukan buhu a wurina kuna yara. Kai ka sa hannu ka shiga damben kuɗi, shi ya ƙi, ya zauna cikin 'yan dagaji, waɗanda ba a biyansu don sun hau fage. Yana koyarwa a firamare, yana zuwa horo kafin ƙararrawar makaranta, kuma duk shekarun nan gasar nan kaɗai yake hange. Ni ma na taɓa samun irinsa a gabana. Sunansa Sani, mutumin Kwadon. Ba ka taɓa jin sunan a bakina ba, kuma wannan ma yana cikin laifofina.

Ina saurayi, ban kai shekarunka na yanzu ba, lokacin Gombe tana ƙarƙashin Bauchi, na gudu Legas. Kakanka malamin coci ne a ƙauyenmu na ƙasar Tangale, ba ya ƙaunar damben boko ko kaɗan. Ya ce fuskar da Allah ya yi ba ta duka ba ce. Sai na ce masa na sami aikin gadi a wani kamfani. Gadin na yi shi da gaske, amma ba shi ya kai ni ba. Wani mai shirya wasanni ya gan ni a wurin horo, ya ce hannuna zai kawo abinci, amma sunan Ishaya ba zai cika zaure da 'yan kallo ba. Ya laƙaba mini wani suna na banza, wanda ba zan rubuta shi a nan ba, na karɓa ina murna, don na ga hanyar da labari ba zai kai gida ba. Da wannan suna na yi ta hawa fage a zaurukan otal da gidajen silima, ana biyana a hannu bayan kowane wasa. Kakanka ya rasu yana gaya wa mutane ɗansa mai gadi ne mai riƙon amana.

Kai da sunanka kake dambe, da sunan da muka raɗa maka a gaban jama'a. A nan ka fi ni, kuma ina so ka riƙe wannan da kyau. Duk ranar da wani ya ce maka ka canza suna, ko ka rage shekaru, ko ka ɓoye wani wasa da ka taɓa yi, ka san ya fara haƙa maka rami ne, ko da murmushi ya zo. Mutumin da ke da suna biyu yana fara ganin kamar abin da ɗayan ya aikata bai shafe shi ba. Haka ya faru da ni.

A Legas ba ƙarfi kaɗai na ƙaro ba. Akwai wani tsohon ɗan dambe da ke riƙe mana bokitin ruwa, hancinsa ya baje, shi ya koya mini abin da ba a koyarwa a makaranta. Ya ce a damben kuɗi ba taɓa mutum ake yi a gudu ba, rushe shi ake yi a hankali. Ya nuna mini yadda ake goga kai a girar mutum in an rungumi juna, da yadda ake barin gwiwar hannu ta biyo bayan naushi, da yadda babban yatsan safa yake samun ido ba tare da alƙalin wasa ya gani ba. Safar hannu ta wancan lokaci yatsanta a sake yake, ba kamar taku ta yanzu da aka ɗinke ba. Ya ce, "In ka ga wuri ya kumbura, kada ka je ko'ina. Ka zauna a wurin." Na zauna a wurin sau da yawa, kuma waɗanda na yi wa haka su ma sun yi mini. Dukkanmu mun san cinikin da muka shiga.

Da kamfanin ya rufe na dawo Gombe, na sami aikin masinja a wani ofishi. Ban daɗe ba na ji za a yi zaɓen 'yan damben jiha, wanda ya ci a kowane nauyi ya tafi sansanin ƙasa, daga can kuma a fitar da masu zuwa gasar ƙasashen waje. A wancan zamani dokar a fili take: wanda ya taɓa karɓar kuɗi don dambe ba shi ba shiga cikin 'yan dagaji har abada. Na je wurin horo kamar ban san da dokar ba. Kocinmu na lokacin, marigayi Ɗanladi, ya riƙe mini buhu na ɗan lokaci, sai ya saki, ya ja ni gefe.

Ya ce, "Ishaya, hannun nan naka ya canza. A Legas ɗin nan gadi kawai ka yi?"

Na ce, "Gadi kawai, Koci."

Ya dube ni ya daɗe, sai ya ce in je in ɗaura bandeji. Bai sake tambaya ba. Na sha gaya wa kaina cewa shi ma lambar yabo yake so, shi ya sa ya kau da kai. Wataƙila haka ne. Amma shi ya yi tambaya, ni na yi ƙaryar.

Kafin in dawo, kowa ya san gurbin nauyina na Sani ne. Ɗan manoman albasa ne, dogo, mai saurin hannu, mai yawan dariya. Da keke yake tasowa daga Kwadon ya zo horo ya koma, ƙafafunsa duk taɓon fadama. Na girme shi, don haka Yaya yake ce mini. Bai yi fushi da na dawo ba. Har zuwa yake ya ce, "Yaya Ishaya, nuna mini yadda kake juya kafaɗar nan," ni kuma in nuna masa rabi in ɓoye rabi. Mu biyu muka kai wasan ƙarshe, a tsohon filin wasa na cikin gari. Da muka haɗa safa a tsakiyar fage ya yi murmushi ya ce, "Yaya, a yi a hankali, gobe ina da ban ruwa."

Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai mamarka shi ne, Sani yana cin wasan. Ni na saba da dogon dambe, inda ake shiga a hankali a karanci mutum. Na 'yan dagaji zagaye uku ne kawai. Kafin in gama karanta shi ya taɓa ni ya fice, ya sake taɓa ni ya fice, mutanen Kwadon suna ta tafi. Da na zauna a kusurwa bayan zagayen farko na san maki yana hannunsa. A na biyu na fara rungumarsa ina goga masa kai. Girarsa ta hagu ta tashi. Alƙalin wasan wani malamin makaranta ne, mutumin kirki, bai taɓa ganin irin wannan aiki ba, bai san abin da zai duba ba. A zagaye na uku na zauna a kan kumburin nan kamar yadda aka koya mini, kuma da na ga lokaci yana ƙurewa, na saki yatsa. Sani ya durƙusa ya dafe fuska da safa biyu. Bai yi ƙara ba. Aka ɗaga hannuna.

Ban yi niyyar kashe masa ido ba, Allah shaida ne. Amma ba zan ce maka kuskure ne ba, don na san abin da nake yi, kuma na san shi bai san akwai irin wannan a duniya ba.

Ga abin da nake so ka gane, ɗana. In ana gardamar ko ƙwararre ya shiga cikin 'yan dagaji, mutane suna maganar ƙarfi da gogewa, suna cewa ƙwararre zai murƙushe su. Sau da yawa ba haka abin yake ba. Kai ma a hankali kake shiga wasa, na sha faɗa maka. Nuhu kuwa zagaye ukun nan gidansa ne, a cikinsa ya tashi. Yana iya wuce ka da maki tun kana neman nisa. Haɗarin yana nan ne, a lokacin da ka zauna a kusurwa ka gane ɗan dagaji yana cin ka a gaban mutane, ga sunanka, ga masu ɗaukar nauyinka suna kallo a waya. A wannan lokaci abin da ka koya a damben kuɗi zai taso da kansa, ba sai ka kira shi ba. Kada ka ce kai ba haka kake ba. Ni ma da safiyar ranar nan da an tambaye ni, da na rantse ba zan yi ba. Kuma kada ka manta wasu daga cikin dabarun nan ni na koya maka su da hannuna, lokacin da za ka shiga damben kuɗi, na ce maka don kare kai ne. Ina nadamar yadda na koya maka su ban gaya maka abin da suka taɓa yi ba.

Na tafi sansanin ƙasa da sabuwar jaka. Ban yi nisa a can ba. Wata rana muna layin abinci sai na ji an kira ni daga bayan zaure da sunan nan na Legas. Na juya kafin in yi tunani. Wani ne da ya taɓa aiki da mai shirya wasannin nan, yanzu yana cikin masu horarwa. Bai yi don mugunta ba, murnar ganina yake yi. Amma manya suna wurin, suka ji, suka bincika, aka ce in tattara kayana. Gurbin ya koma hannun wani daga wata jiha. Ni ban je ba, Sani bai je ba. Yana kwance a asibiti a nan Gombe, likitoci sun ce idon hagun ba zai sake gani ba.

Da na dawo na ce wa kowa kafaɗata ce ta goce. Lokacin ina neman mamarka. Ta tausaya mini, ta riƙa aiko mini da man zafi, bayan mun yi aure ma in sanyi ya shigo takan zauna ta shafa mini a kafaɗar, ina lumshe ido kamar mai jin sauƙi. Sai bayan an haife ka na faɗa mata gaskiya, ranar da ka fara tafiya ka faɗi ka fasa gira a bakin turmi, na ga jini a gefen idonka na kasa ɗaga ka har ta tambaye ni ko lafiya. Ta saurare ni har na gama. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wato duk shekarun nan lafiyayyar kafaɗa nake shafa wa magani. Shi mai ciwon gaskiyan, ka je ka duba shi?" Na ce ban je ba. Ta ce, "To ka je." Na ce zan je. Ka ga girman da ka yi kafin in cika wannan magana.

In Allah ya ba ka mata, kada ka yi mata irin wannan. Ranar da ka sha kaye, ka ce ka sha kaye. Ranar da aka kore ka, ka ce an kore ka. Mace tana iya ɗaukar faɗuwar mijinta, na gani da idona, amma ka bar ta tana jinyar ƙarya wulaƙanci ne da ba ta cancanta ba. Mamarka ta yafe mini, amma tun daga ranar ba ta sake taɓa mini kafaɗar nan ba, ko da ta yi ciwo da gaske.

Sani ya koma gona. Yakan kawo albasa Kasuwar Gombe, ni kuwa na daina bi ta layin 'yan gwari. In ana bukatar kayan miya sai in ce mamarka ta fi ni iya ciniki. Sau ɗaya na hango shi daga nesa yana magana da wata mai saye, ya karkata kai gefe guda don ya gan ta da idon dama, na juya na shige layin 'yan atamfa na tsaya ina taya zanen da ba saye zan yi ba. Ni da nake koya wa yara kada su juya wa abokin karawa baya. In ka ji wa mutum ciwo, ɗana, a fage ko a waje, ka je ka gan shi tun ciwon yana ɗanye. Kwana ɗaya in ya wuce, na biyu ya fi shi nauyi, har ka wayi gari ka kasa ɗaga ƙafa.

Yanzu maganar da ka tuna mini a bakin ƙofa. Gaskiya ka faɗa. Lokacin da aka fara jin cewa za a buɗe wa ƙwararru ƙofa, a teburin mai shayin da ke kusa da filin wasa babu wanda ya kai ni ɗaga murya. Na ce ƙasashen da suka fi mu ba sa barin gwanayensu a gida. Na ce 'yan ƙwallon ƙafa da na kwando da ake biya suna zuwa irin waɗannan gasa, babu wanda ya ce sun yi sata. Na ce da yawa daga waɗanda ake kira 'yan dagaji a ƙasashen waje gwamnati ce ke ciyar da su, ba su da wani aiki sai horo, to ina dagajin yake? Na ce tuta ta kowa ce, mai karɓar kuɗi ma ɗan ƙasa ne. Kana zaune a ƙarshen benci kana ji. Har yau ban ce maganganun nan ƙarya ne ba, akwai gaskiya a cikinsu. Amma ba don gaskiyarsu nake faɗa ba. Ina faɗa ne don in dokar da na karya ta zama dokar banza, to ni ma ban yi laifi ba ke nan. Kaina nake wankewa a gaban mutanen da ba su ma san na yi datti ba, kai kuma ka ɗauka ra'ayin ubanka ne.

Abin da ban faɗa a teburin ba shi ne, a wasan ƙwallo, wanda ya fi ka, ƙwallo kawai zai ƙwace maka, ka koma gida da fushi. A dambe abin da zai ƙwace maka ba ya dawowa. Kuma ban faɗi cewa kai kana da ƙofofi biyu ba, Nuhu yana da ɗaya. In ba ka je gasar nan ba, wasanka na gaba yana nan, masu kallonka suna nan. In shi bai je ba, sai ya koma aji ya ci gaba da gaya wa yara cewa saura kaɗan ya je.

Ranar Laraba, da na ce muku zan je gaisuwar rasuwa, Kwadon na tafi. Wannan ma ƙarya ce, kuma ina fatan ita ce ta ƙarshe. Na sauka a bakin hanya na tambaya, aka nuna mini wata rumfa da buhunan albasa a jere. Yana zaune a kan tabarma yana ware ruɓaɓɓu. Ya yi furfura, ya rame, idon hagun ya yi fari. Na yi sallama. Ya karkato kai ya dube ni, ya amsa, sai ya ce, "Yaya Ishaya ne? Ka tsufa." Ya matsa mini a tabarma.

Mun gaisa, mun tambayi iyali, mun yi maganar ruwan bana. Daga nan na faɗa masa komai, tun daga Legas har layin abinci. Yana ji yana ci gaba da ware albasarsa. Da na gama ya ce, "Ai labarin korarka ya iso mu tun ina asibiti. Wani ɗan Bauchi da kuka je sansanin tare ya faɗa."

Na ce, "To me ya sa ba ka taɓa tona ni ba?"

Ya ce, "In tona ka ya dawo mini da me?" Sannan ya ce, "Ni abin da ya tsaya mini, na jira ka. Duk wanda ya turo ƙofar ɗakin asibitin nan sai in juya in ga ko kai ne. Babata tana cewa wa kake jira, in ce Yayana na wurin dambe."

Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun da daɗewa saboda Allah, don ba ya son ya tashi da ni a wuya ranar hisabi. Ya ce amma yafiya ba ta hana shi tunawa duk lokacin da zai tsallaka titi sai ya juya jikinsa gaba ɗaya.

Na gaya masa maganarka da Nuhu, ina tsammanin zai ce in hana ka. Ashe ya san ka, ɗansa yana nuna masa wasanninka a waya. Ya ce, "Kada ka hana shi. In an ɓoye wa yaron nan Nuhu irin ɗanka a gida, zai haɗu da irinsa a waje, inda babu mai tausayinsa. Ni ba hawan da ka yi ne ya cuce ni ba. Da ka ce mini, Sani, na yi damben kuɗi, da na hau duk da haka, don ni ma ina ji da kaina a lokacin. Amma da na san abin da zan tsare." Da zan tafi ya ɗebi albasa a leda ya ba ni, ya ce in kai wa mamarka. Na so in ƙi, ya ce in na ƙi to ban zo da gaskiya ba. Ita ce a miyar da ka ci jiya.

Na dawo a mota ina juya maganarsa. Ban yarda da shi duka ba. Ni dai a raina, da za ka bar wa Nuhu wannan gurbi da na fi kowa farin ciki, kuma ina ganin gasar da aka yi don masu tasowa ta fi kyau a bar musu ita. Amma ba ni da bakin hana ka. Doka ta ba ka dama, ba a ɓoye za ka shiga ba kamar yadda na yi, kuma kai ma tun kana ƙarami kake mafarkin tutar nan. Shawarar taka ce.

In ka yanke za ka shiga zaɓen, ga abin da nake roƙonka. Kada ka yarda a ba ka gurbin ta bayan gida don sunanka ya fi nasa. In sun ce ba sai ka yi zaɓe ba, ka ce sai ka yi. Ka kira Nuhu da kanka ka faɗa masa, kada ya ji shawararka a bakin wasu. Ka koma ka koyi zagaye uku kamar sabon shiga, ka ci shi da sauri da maki in za ka iya, da dokar gidansu ba da ta gidanku ba. Kada ka matse jikinka da ƙishirwa don ka sauko nauyin da ba naka ba. In kuma ka ga yana cin ka, ka bar shi ya ci. Za a yi maka dariya a waya na ɗan lokaci, masu ɗaukar nauyinka za su ɓata rai, sannan a manta. Na ɗanɗana nasarar da ake samu ta ɗaya hanyar, ka ga abin da ta bar mini.

Akwai abu ɗaya da ya rage, kuma shi ya fi yi mini wuyar rubutawa. Jiya da safe bayan horo Nuhu ya tsaya har kowa ya watse. Ya riga ya ji labarin sun kira ka. Ya ce, "Baba Koci, na san ɗanka ne. In ba za ka iya tsaya mini a kusurwa ranar zaɓe ba, ba zan ji haushi ba, zan nemi wani." Na ce masa babu wani da zai nema. Tun yana yaro nake ɗaura masa bandeji, kai kuma kana da masu horar da kai a Legas, shi ba shi da kowa sai ni. Saboda haka in ka hau fagen nan, ka duba kusurwar da ke fuskantarka, za ka gan ni da tawul a kafaɗa. Zan gaya masa duk abin da na sani a kanka, ba zan ɓoye masa rabi ba. Ni ba alƙalin wasanmu da Sani ba ne da bai san abin da zai duba ba. In na ga kanka ya nufi girarsa, zan jefa tawul ɗin in tsayar da wasan, a ɗaga hannunka, amma ni da kai za mu san abin da ya faru. In kuwa ka ci shi da tsabta, ni zan fara tsallaka fagen in rungume ka a gaban kowa.

Ubangiji ya kiyaye fitarka da shigarka. Ya tsare maka idanunka da ƙwaƙwalwarka, ya tsare na duk wanda zai tsaya a gabanka. Ya ba ka abinci mai albarka da barci mai daɗi a garin mutane, ya haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya. Ka riƙa kiran mamarka ko ba ka da labari, muryarka kawai take so. Ka nemi coci kusa da inda za ka zauna. Ka yafe mini shirun da na yi maka ranar Lahadi, da wanda na yi maka tun kafin ita.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Ishaya